Linzamin Baki: Dokokin Ingila da Suka Mutu Suka Bar Karin Magana

Da wuya mako ya wuce jaridun Turanci na Najeriya ba su buga wannan kanu ba. Yau gwamna ne da 'yan kwangila, gobe kwamishinan 'yan sanda da 'yan daba, jibi shugaban jami'a da masu satar amsa. Kowannensu, in ji jarida, ya tashi ya "read the riot act". Mai karatu ya gane: an ja kunne ne da kakkausar murya. Sai dai kafin maganar ta zama ado a bakin 'yan jarida, takarda ce ta gaske da alƙali yake zarowa daga aljihu ya karanta wa taron jama'a, kuma duk wanda aka karanta wa bai bar wurin cikin awa ɗaya ba, igiyar rataya ce ke jiransa.

A shekarar 1967 ne majalisar dokokin Birtaniya ta share dokar da ke bayan wannan takarda, wato dokar tarzoma, daga Ingila da Wales. Cikin wannan shara aka haɗa da wasu tsofaffin laifuffuka da an daɗe ba a gurfanar da kowa a kansu ba. Biyu daga ciki sun shafi baki da kunne: laifin laɓe, da laifin zama mace mai masifa da ta addabi unguwa. Wato har zuwa shekara bakwai bayan Najeriya ta sami 'yanci, a rubuce dai, Bature na iya shiga hannu don ya kasa kunne a bayan tagar maƙwabcinsa. Wanda ya bi sawun waɗannan laifuffuka zai tarar da cewa kalmomi da dama da ɗalibai ke haddacewa yau don cin jarrabawar Turanci, tabon bulala ne da Ingila ta daɗe tana zuba wa harshe.

A fara da laɓe. Kalmarsu ita ce "eavesdrop", kuma asalinta ba ta da alaƙa da kunne ko kaɗan. Sunan wuri ne. Gidajen Ingila na da rufin ciyawa gare su, mai zarowa waje ya wuce bango, ruwan sama ya riƙa ɗiga daga bakinsa zuwa ƙasa. Wannan ɗan tsirin ƙasa da ruwan ke sauka a kai shi ake kira da wannan suna, kamar dai a ce mazubar indararo a gidan soro. Tsohuwar al'adarsu ta hana mutum ya yi gini dab da iyaka, sai ya ja baya kamar ƙafa biyu, don kada ruwan rufinsa ya ɓata filin maƙwabci. To, wanda ya lallaɓo da dare ya tsaya tsakanin bango da ɗigar ruwa, jikinsa a bushe, kunnensa a jikin katako, shi ne ya gaji sunan wurin.

Kotunan ƙauye sun ɗauki abin da gaske. Masanin shari'a William Blackstone, a littafinsa na bayanin dokokin Ingila da ya kammala a 1769, ya jera masu laɓe cikin masu damun jama'a, ya ce hukuncinsu tara ce da kawo mai tsaya musu cewa za su shiryu. Abin da ya fi damun doka shi ne abin da mai laɓe zai yi da abin da ya ji, wato ya ƙara gishiri ya yaɗa. Kuma bayanan kotunan sun nuna galibin waɗanda aka kama da wannan laifi maza ne. Sarakuna kuwa, da suka hana talaka laɓe, su ne manyan masu yinsa. A babban zauren fadar Hampton Court, wanda Sarki Henry na Takwas ya gina a shekarun 1530, an sassaƙa ƙananan kawunan mutane a cikin katakon rufi, an yi musu fenti, suna leƙo masu cin abinci a ƙasa. Har yau suna nan, kuma da wannan suna na masu laɓe ake kiransu. Bafaden da ya ɗaga kai yana tsakar magana ba ya buƙatar a fassara masa saƙon.

Kalmar gulma kuwa, "gossip", ta fi kowace faɗuwar daraja. Da can "godsibb" ce, ma'ana ɗan'uwa ta wajen Allah: mutumin da ya tsaya wa jariri ranar baftisma a coci, ya ɗauki alkawarin kula da tarbiyyarsa ta addini. Kalmar ta bayyana a wani wa'azi da Wulfstan, babban limamin coci na York, ya rubuta a 1014, kuma a can ba ta ɗauke da wani aibi. Zumunci ne mai nauyi, har coci ta hana aure tsakanin waɗanda ya haɗa.

Ɗakin haihuwa ne ya sauya ta. A Ingila ta ƙarni na 16 da na 17, mace idan naƙuda ta taso, miji ne ke zagayawa ya kira ungozoma da ƙawaye da 'yan'uwa mata da matar ta zaɓa tun da wuri, daga nan kuma a rufe masa ƙofa. A toshe tagogi, a kunna kyandir, a dama wa mai jego wani kunu mai ɗumi da ake haɗawa da giya da sukari da kayan yaji, baƙi ma su sha. Zaman jegon yakan kai wata guda kafin mace ta fita zuwa coci. Duk Bahaushen da ya taɓa ganin gidan suna ya san ba a zama irin wannan a yi shiru. Waɗannan mata su ake kira "gossips", kuma mazan da aka bari a waje, ba su ji abin da ake faɗa ba amma suna zargin da su ake, su ne suka rubuta littattafai da wasannin kwaikwayo na zamanin. Kafin Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a 1755, kalmar ta riga ta sami ma'anar mai yawo da surutu, kuma shi kansa da matan gidan jego ya ba da misali. Sai a farkon ƙarni na 19 ta tashi daga sunan mai maganar ta zama sunan maganar kanta.

Harshen ya tona asirin maza ta wata ƙofa. A jiragen ruwa na da akwai gangar ruwan sha da ake hudawa a ajiye a fili, matuƙa su riƙa zuwa suna kurɓa. Sunanta "scuttlebutt", wato hudajjiyar ganga, kuma a bakin sojan ruwan Amurka sunan ya koma yana nufin jita-jita, domin a bakin gangar ake jin wa za a ƙara wa girma da inda jirgi zai dosa. Babu mace ko ɗaya a wurin. A tudu kuma akwai shagunan gahawa na Landan, inda mutum zai biya kobo guda ya zauna ya yi ta sharhi a kan sarki da fadawansa, tamkar teburin mai shayi. Abin ya ishi Sarki Charles na Biyu, a ƙarshen Disamba 1675 ya ba da shelar rufe su gaba ɗaya, yana zarginsu da yaɗa ƙarya. Attajirai da masu faɗa a ji suka yi caa, ba a yi mako biyu ba ya janye.

Mata ba su sami wannan sassauci ba. Laifin da ake kira "common scold" kusan nasu ne su kaɗai, har Blackstone ya lura cewa sunan laifin a Latin na shari'a siffar mace gare shi. Hukuncin da ya fi muni shi ne wani kejin ƙarfe da ake ƙwaƙuba wa mace a ka, a kulle ta baya, da wani falle mai shiga baki ya danne harshe. Wasu har da ƙayoyi. Sunansa linzamin mai masifa. A 1567, a unguwar Canongate ta Edinburgh, an yanke wa wata mata mai suna Bessie Tailiefeir hukuncin sa shi, a ɗaure ta a tsakiyar kasuwa awa ɗaya. Laifinta shi ne ta ce wani jami'in gari yana tauye ma'auni. Wannan shari'a ta isa ta nuna cewa ba kullum don zaman lafiyar unguwa ake ɗauko ƙarfen ba.

Mafi yawan matan da aka sa wa linzamin ba su bar labari ba. Wadda ta bari ita ce Dorothy Waugh, 'yar aiki mabiyar ɗariƙar Quaker, wadda ta tsaya wa'azi a kasuwar Carlisle a 1655. Magajin gari ya sa aka kama ta, aka ɗaure hannuwanta ta baya, aka kafa mata ƙarfen na awa uku. Ta ba da labarin cewa mai gadin kurkuku har kuɗi ya riƙa karɓa, kobo biyu-biyu, daga masu zuwa kallonta. Daga bisani aka fitar da ita daga garin da bulala. Irin wannan takunkumi ya haye teku ya shiga gonakin bayi. Olaudah Equiano, wanda ya ba da tarihin rayuwarsa na bauta a 1789, ya ce a wani gida a Virginia ya ga baiwa mai dafa abinci an kulle mata baki da ƙarfe, ba ta iya ci, ba ta iya sha, magana ma da ƙyar.

Hoton linzami a harshe ya girmi kejin, domin yana cikin wasiƙar Yaƙubu a Littafi Mai Tsarki, kuma daga harkar doki Turanci ya samo "bridle your tongue" da "curb your tongue", duka biyun suna nufin kame bakinka. Bahaushe ma ya san baki shi ke yanka wuya, ya kuma san amfanin linzami. Bambancin shi ne a can an kai maganar wurin maƙeri.

Ɗaya hukuncin shi ne kujerar tsomawa. Kujera ce a ƙarshen doguwar sanda mai lilo, a ɗaure mace a kai, a tura ta bakin kogi ko tafki, a nutsar a ɗago gwargwadon yadda alƙali ya ce. Tsomawa ta ƙarshe da aka rubuta a Ingila an yi ta a garin Leominster a 1809, ga wata mata da ake kira Jenny Pipes, kuma an ce da aka ɗago ta, ashar ta fara ɗura wa alƙalan. A 1817 an sake ɗauko kujerar don wata matar, sai aka tarar ruwa ya janye, aka zaga gari da ita kawai. Kujerar tana nan a ajiye a cocin garin. Amurka ta gaji dokar tare da harshen. A 1829, a birnin Washinton, an gurfanar da Anne Royall, 'yar jarida mai shekara 60 wadda alƙalaminta ya hana manya barci, bayan ta yi cacar baki da wasu 'yan coci maƙwabtanta. Kotu ta same ta da laifin, amma ta ga tsomawa ta tsufa, sai ta ci ta tarar dala 10. Sai a 1972 wata kotu a jihar New Jersey ta ce wannan laifi ya saɓa wa tsarin mulki.

Duk waɗannan na bakin mutum ɗaya ne. Dokar tarzoma ta bakin taro ce, kuma tsoro ne ya haife ta. A 1714 Sarauniya Anne ta mutu ba magaji, aka ɗauko George na Ɗaya daga Hanover ta ƙasar Jamus aka naɗa shi, don kada sarauta ta koma hannun dangin Stuart mabiya Katolika. Ranar da aka sa masa kambi, a watan Oktoba, tarzoma ta tashi a garuruwa fiye da 20. Da bazarar 1715 ta zo, gungun mutane suka riƙa rushe wuraren ibadar Kiristocin da ba sa bin cocin gwamnati. A lokacin Ingila ba ta da 'yan sanda irin na yau, sai alƙalan gunduma da 'yan dogarai. Majalisa ta yi sauri ta zartar da dokar, ta fara aiki ranar 1 ga Agusta, 1715.

Tsarinta a fili yake. Idan mutum 12 ko fiye suka taru suna tada hankali, alƙali ko magajin gari zai matso iya kusancin da zai iya ba tare da ya halaka ba, ya nemi a yi shiru, ya ɗaga murya ya karanta gajeriyar shela da sunan sarki, yana umartar kowa ya koma gidansa ko bakin sana'arsa. Daga nan agogo ya fara aiki. Wanda awa ɗaya ta cika yana wurin ya zama mai babban laifi, hukuncinsa kisa. Wanda ya hana a karanta shelar, shi ma haka. Kuma idan aka kashe wani wajen tarwatsa taron, doka ta wanke wanda ya yi kisan.

A takarda abin ya yi kyau. A fili kuwa, sai a yi tunanin dattijo ɗaya, babu lasifika, yana karatu a gaban dubban mutane masu ihu da jifa. Ga shi kuma dole a karanta kalmomin daidai yadda aka rubuta su. An taɓa yin watsi da tuhuma a kotu don mai karatu ya tsallake addu'ar nan ta neman Allah ya ja zamanin sarki da ke rufe shelar. Sannan awa ɗayan ta rikita su kansu hukumomi. Da yawa sun ɗauka cewa soja ba shi da ikon taɓa kowa sai an karanta an kuma jira. A tarzomar Gordon ta Yuni 1780, wadda ta tashi kan adawa da sassauta wa 'yan Katolika, Landan ta yi kwanaki tana ci da wuta, aka fasa kurkukun Newgate, aka ƙona gidan babban alƙalin ƙasa Lord Mansfield da littattafansa, sojoji na tsaye suna jiran alƙalan da tsoro ya hana su fitowa. Da sarki ya ba da umarnin harbi ba tare da jiran shela ba, an kashe mutum kusan 285.

Ranar da ta fi baƙanta sunan dokar ita ce 16 ga Agusta, 1819. Mutum kusan 60,000, masaƙa da ma'aikatan masaƙu da matansu da 'ya'yansu, da yawa cikin kayan zuwa coci, suka hallara a filin St Peter a Mancesta don sauraron Henry Hunt, suna neman a ba su wakilci a majalisa. Garin mai wannan girma ba shi da ɗan majalisa ko ɗaya nasa na kansa. Alƙalai suna kallo daga wani gida a gefen fili. Daga baya sun ce an karanta shelar ta taga, amma shaidu da yawa da ke cikin taron sun ce ba su ji komai ba, kuma babu wanda ya jira awa ɗaya. Sojan doki suka kutsa da takubba tsirara. Aƙalla mutum 15 suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata. 'Yan jarida suka laƙaba wa abin suna Peterloo, ba'a ga nasarar Waterloo da aka samu shekara huɗu kafin nan. Wani ɗan kasuwar auduga da ya shaida ranar, John Edward Taylor, shi ya kafa jaridar Manchester Guardian a 1821, wadda ita ce Guardian ta Landan a yau.

A 1837 aka cire hukuncin kisa daga dokar. Sannu a hankali gwamnati ta gane cewa ware wa mai magana wuri ya fi korarsa sauƙi. A Yuli 1866 aka kulle ƙofofin dandalin Hyde Park na Landan don hana masu neman 'yancin zaɓe taro, jama'a suka tumɓuke shingen ƙarfe suka shiga. A 1872 aka yi dokar da ta ba da damar yin jawabi a wani sashe na dandalin. Kusurwar da aka saba taruwa tana dab da Tyburn, inda aka riƙa rataye mutane har 1783, kuma inda al'ada ta ba wanda za a rataye damar faɗin kalmarsa ta ƙarshe a gaban 'yan kallo. Masu jawabin titi, a Landan da biranen Amurka, kan ɗauko akwatin katako da aka yi jigilar sabulu a ciki su hau don a gan su. Daga nan aka sami "get on your soapbox", da ake faɗa wa wanda ya ɓarke da wa'azin da ba a tambaye shi ba. Marcus Garvey na cikin waɗanda suka yi jawabi a wannan kusurwa, kuma har yau duk Lahadi ana cika ta, masu wa'azin Musulunci da na Kirista suna fafatawa.

Takardar ba ta mutu nan take ba. Ranar 31 ga Janairu, 1919, ma'aikatan Glasgow da ke yajin aiki don a rage awoyin aiki zuwa 40 a mako suka yi arangama da 'yan sanda a dandalin George Square. Babban jami'in shari'a na yankin ya fito ya fara karantawa, sai aka fizge takardar daga hannunsa. Sojoji suka shigo garin, tankokin yaƙi shida suka biyo baya. A watan Agusta na wannan shekara an sake karanta ta a Birkenhead, lokacin da 'yan sanda da kansu suka shiga yajin aiki, ɓarayi suka far wa shaguna. Bayan nan ba kasafai ake ɗauko ta ba, har aka share ta a 1967, a Sukotlan kuma a 1973.

'Ya'yanta dai suna raye a ƙasashen da Ingila ta mulka. A Kanada shelar tana nan a kundin laifuffuka, an rage wa'adin zuwa minti 30, kuma wanda ya ƙi watsewa na iya samun ɗaurin rai da rai. Magajin garin Vancouver ya karanta ta ga ma'aikata masu zanga-zanga a 1935. A Najeriya ma, kundin laifuffuka da jihohin kudu suka gada daga zamanin Turawa ya ba majistare, ko babban jami'in 'yan sanda idan majistare ba ya nan, ikon yin shela ga masu tarzoma su watse. Abu ɗaya aka sauƙaƙa masa wanda alƙalan Ingila ba su samu ba: ba a ɗaure shi da wasu kalmomi na musamman ba, sai ya faɗa yadda ya ga ya dace.